Yaro, mai jego da mai karaya sun zo lokaci guda: wa za a fara dubawa?

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena a wannan aiki. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta makarantar koyon aikin jinya, kuma ina roƙon a warware mini wata tambaya da malaminmu ya ba mu a aji, wadda ta raba kanmu gida uku har aka tashi ba mu daidaita ba.

Ga yadda ya shimfiɗa ta. Ma'aikaciyar jinya ce ita kaɗai a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa a wani asibitin ƙaramar hukuma, da misalin ƙarfe ɗaya na dare, kuma likitan da ke kan kira ba zai iso ba sai bayan kamar minti ashirin. Sai ga mutum uku sun shigo kusan a tare. Na farko magidanci ne mai kimanin shekara 35 da ya faɗi da babur, hannunsa na hagu ya karye, yana ta ihu yana salati, 'yan'uwansa sun cika ɗakin suna cewa a yi sauri. Awon jininsa 130 bisa 80, bugun zuciyarsa 104 a minti. Ta biyu yarinya ce 'yar wata 18, goye a bayan uwarta, kwana uku ke nan tana gudawa, ba ta kuka, uwar kuma ta ce barci take yi tun suna hanya. Ta uku mai jego ce da ta haihu mako uku da suka wuce, ƙafafunta sun kumbura, tana tari, ba ta iya kwanciya rigingine, numfashinta 32 a minti.

Wasu daga cikinmu sun zaɓi mai karaya, saboda hatsari ya yi kuma ciwonsa ne ya fi fitowa fili. Wasu sun zaɓi yarinyar, a cewarsu yara ba su da juriyar manya. Ni ina cikin waɗanda suka zaɓi mai jego, bisa ƙa'idar da aka koya mana cewa hanyar iska ce farko, sai numfashi, sannan zagayawar jini. Malamin bai yanke mana hukunci ba, ya ce mu je mu yi tunani.

Ina so in san yadda masu gogewa za su jera su da kuma dalili, sannan ko ƙarancin shekaru shi kaɗai yana sa a fifita yaro a kan babba. Akwai kuma wata 'yar ajinmu da ta ce a ɗaura wa dukansu ruwa kafin likita ya zo, domin a ganinta ƙarin ruwa ba ya cutar da kowa. Raina bai kwanta da wannan magana ba, amma na kasa kawo hujja.

Metiron Mai Ritaya ta rubuta:

Wa alaikis salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ki lura da abin da malaminku ya yi: ya ba ku awon mai karaya, ya ba ku numfashin mai jego, amma game da yarinyar bai ba ku komai ba sai maganar uwarta. A nan gizo ke saƙa. Kun haɗa abu biyu da ya kamata a raba, domin wanda za a fara dubawa daban ne, wanda za a fara yi wa aiki daban ne.

Mai karaya ya riga ya sanar da ke abu uku tun daga bakin ƙofa ba tare da kin taɓa shi ba. Wanda ke ihu yana kawo kalmomi cikakku hanyar iskarsa a buɗe take, yana numfashi, kuma jini yana isa ƙwaƙwalwarsa. Mai jego tana cikin haɗari, amma kin ga haɗarin da idonki. Yarinyar ce kaɗai ba ki san ko barci take ba, ko suma ta yi, ko ma rai ya riga ya yi halinsa a bayan uwar, kuma duk wadda ta daɗe a wannan aiki ta ga an kwance goyo an tarar da haka. Saboda haka ita za ki fara zuwa wajenta, ki sa a sauko da ita nan take, ki cire mata mayafi da hula. Abin da za ki duba bai kai rabin minti ba: tana numfashi, kuma da wahala take yi ko ba wahala? Harshenta da dasashinta sun canza launi zuwa shuɗi-shuɗi? Hannunta da sanyi? Idan kin kira ta ko kin girgiza ta a hankali tana buɗe ido, ko sai an mintsine ta, ko ko an mintsine ta ba ta motsi? Idanunta sun faɗa? Idan kin kama fatar cikinta kin saki, tana komawa nan da nan ko tana tsayawa daƙiƙa biyu ko fiye?

Wannan shi ne tsarin tantance yara na gaggawa da ake kira ETAT, wanda aka gina a kan aikin da aka yi a Malawi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da littattafan koyar da shi a 2005. Hikimarsa ita ce da yawa daga cikin yaran da ke mutuwa a asibiti suna mutuwa ne cikin awa 24 na farko, wasu ma a kan layin yankar kati, don haka ake duba kowane yaro da isowarsa, kafin kati da kafin biyan kuɗi.

Idan kin tarar tana numfashi daidai, to ƙa'idar da kika kawo ta yi aiki: matsalar numfashi tana gaban matsalar zagayawar jini. Ki juya ga mai jego, ki zaunar da ita tsaye a jingine, ƙafafunta a sauke, ki sa mata oksijin. Wannan aikin minti ɗaya ne, alhali neman jijiyar yarinyar da ruwan jikinta ya ƙare yana iya cin minti goma. Daga nan ki koma ga yarinyar ki zauna a kanta, idonki kuma yana kaiwa ga mai jego. Tun da farko ki aiki mutum ya kira likita, ki faɗa masa marasa lafiya biyu ne a bakin haɗari, kada ki ce masa kawai an kawo marasa lafiya.

Mai karaya na uku ne, amma ba a mantawa da shi. A wucewarki ki duba ko jini na zuba a wani wuri, domin jinin da ke tsartuwa yana gaban komai, a danne shi nan take. Ki tambaye shi ko kansa ya bugu, ko wuyansa na ciwo, ko cikinsa. Faɗuwa ta ɓangaren hagu tana iya fasa saifa, jini ya riƙa taruwa a ciki ba a gani, matashi mai ƙarfi kuma yana riƙe awon jininsa daidai na tsawon lokaci kafin ya zube gaba ɗaya. Bugun 104 yana iya zama na zafin ciwo, yana kuma iya zama farkon zubar jini. Abin da zai raba miki gardama shi ne sake awon bayan minti goma sha biyar. Ki cire masa zobe da agogo kafin hannun ya kumbura, ki tallafe hannun, ki tabbatar yatsunsa da ɗumi kuma yana jin taɓawa.

'Yan'uwansa kuwa ki ba su aiki maimakon ki yi musu tsawa. Ɗaya ya riƙe fitila, ɗaya ya tallafe hannun, ɗaya ya je kiran likita, sauran su jira a waje. Ki faɗa musu a fili cewa ɗan'uwansu ba ya cikin haɗarin rasa rai a yanzu, amma yarinyar can tana ciki. Mutanenmu suna da tausayi idan an yi musu bayani, idan kuma aka share su, sai ki juyo ki tarar sun ɗauke shi sun tafi wajen mai ɗori ba a duba cikinsa ba.

Nas ɗin Ɗakin Yara ya rubuta:

Mama Metiron ta gama magana a kan jeri, ni zan taɓa tambayarki ta biyu ne, ƙanwata. Ƙarancin shekaru shi kaɗai ba ya sa a fifita yaro, in ban da jaririn da bai kai wata biyu ba, wanda a tsarin ETAT ake shigar da shi gaban layi ko da ba a ga wata alamar gaggawa ba. Abin da ya bambanta yaro shi ne jikinsa yana ɓoye haɗari, kuma ma'aunin da muka saba dogara da shi a wajen manya shi ne ke yaudararmu a wajensa.

Ina nufin awon jini. Jijiyoyin yaro suna iya matsewa sosai, zuciyarsa ta ƙara gudu, har ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa awon bai sauka ba. Idan kika ga ya sauka, an makara ƙwarai. Haka nan idan bugun zuciyar yaron da ke cikin mawuyacin hali ya fara raguwa, ba sauƙi ba ne, zuciyar ce ke shirin tsayawa, kuma a yara galibi rashin iska ne ke tsayar da zuciya, saɓanin manya da ciwon zuciyar kanta ke yawan jawowa. Ga kuma matsalar kayan aiki, domin a asibitoci da yawa maɗaurin awon jini na manya kawai ake da shi, idan aka naɗa shi a damtsen yaro lambar da zai bayar ba abin dogaro ba ce. Abin da muke dubawa maimakonsa alamu uku ne a haɗe: hannu mai sanyi, bugun jijiya mai sauri marar ƙarfi, da jinkirin dawowar jini idan an danna farce na daƙiƙa biyar an saki, wato ya wuce daƙiƙa uku. Idan farcen na da lalle, a danna fatar ƙashin ƙirji. Ki tuna kuma cewa jinin yaro bai wuce mililita 80 a kowane kilo ba, wato yarinya mai kilo 10 duk jininta bai cika leda biyu ta fiya wata ba, alhali babba yana da kusan lita biyar. Abin da babba zai rasa bai ji ba, ita ya isa ya kai ta ƙasa.

Lambobin numfashi ma da shekaru suke tafiya. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Babba kuwa daidai ɗinsa 12 zuwa 20 ne. Ke nan 32 ɗin mai jego babban haɗari ne, alhali da a ƙirjin yarinyar kika ƙirga 32 ba komai ba ne. A yaro ana ƙirga minti ɗaya cur, yana kwance a cinyar uwarsa kafin a taɓa shi da wani abu mai sanyi ya fara kuka, a ɗaga riga a ga ko ƙasan ƙirjinsa na faɗawa idan ya ja iska.

Yarinyar da aka ce tana barci, idan ta kasa farkawa sosai, abu na farko da za ki zarga shi ne sukarin jininta ya faɗi, domin yaron da ya yi kwanaki bai ci ba ba shi da ajiya. Idan awon suga ya nuna ƙasa da 2.5 a ma'aunin mmol/L, ko ƙasa da 3 ga mai tamowa, ko babu na'urar awon gaba ɗaya, ana ba da ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10, mililita 5 a kowane kilo, ta jijiya. Idan mai ƙarfin kashi 50 ne kawai a kabad, ana haɗa kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura, ba a tura shi tsantsa.

Idan kuma alamun bushewar jiki mai tsanani sun tabbata, ƙa'idar ita ce mililita 100 a kowane kilo na ruwan da ake ɗaurawa ta jijiya mai suna Ringa. Ga wadda ta haura shekara ɗaya, 30 a kowane kilo cikin minti 30, sauran 70 cikin awa biyu da rabi. Ga wanda bai kai shekara ba, 30 ɗin cikin awa ɗaya, 70 ɗin cikin awa biyar. Ga mai kilo 10 ke nan mililita 300 sannan 700. Shi ya sa ake ɗora yaro a sikeli tun da wuri, domin yawancin maganin yaro da nauyinsa ake lissafa shi. Da zarar ta iya sha, a fara ba ta ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba ta nono.

Malamin Jinya ya rubuta:

Lissafin da abokin aikina ya kawo daidai ne, amma akwai sharaɗin da dole a cika kafin a buɗe wannan ruwa, kuma a arewa sharaɗin ba ƙarami ba ne. Sai an tabbatar yarinyar ba ta da tamowa mai tsanani. A auna damtsenta na hagu da tef. Idan bai kai milimita 115 ba, ko ƙafafunta biyu sun kumbura yadda idan an danna yatsa ke barin rami, to lissafin mililita 100 ya faɗi. Zuciyar mai tamowa ta rame kamar yadda sauran jikinta ya rame, ba za ta iya ɗaukar ruwa mai yawa cikin sauri ba, sai ya taru a huhu. Wani abin da ke ƙara rikitarwa shi ne mai tamowa idanunta a faɗe suke, fatarta kuma a sake take ko da ruwan jikinta bai ƙare ba, saboda haka alamun da Mama Metiron ta lissafa ba su da tabbas a kanta, sai an haɗa da labarin gudawar da kuma ko uwa ta ga idanun sun ƙara faɗawa a kwanakin nan. Irin wannan yarinya ta baki ake ba ta ruwa, ko ta robar hanci, da haɗin da ake kira ReSoMal, mililita 5 a kowane kilo duk bayan minti 30 na awa biyu na farko. Ba a ba ta ta jijiya sai idan alamu ukun nan na gazawar zagayawar jini sun haɗu kuma ta galabaita ko ta suma, a nan ma mililita 15 ne a kowane kilo cikin awa ɗaya, ana ƙirga numfashi da bugun zuciya duk bayan minti biyar zuwa goma. Idan numfashi ya ƙaru da 5 kuma bugu ya ƙaru da 15 a minti, a tsayar da ruwan. A kuma lulluɓe ta, domin sanyi yana kashe mai tamowa ko da a watan zafi.

Ki gaya wa 'yar ajinku cewa an taɓa gwada maganarta a aikace. A binciken da ake kira FEAST, wanda aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya aka wallafa a 2011, an duba yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini. Waɗanda aka tura wa ruwa da sauri, kimanin kashi 10.5 cikin 100 sun rasu cikin awa 48, waɗanda ba a tura wa ba kuwa kashi 7.3. Likitocin da suka yi aikin su kansu ba su zaci haka ba, domin a ido yaran da aka ba ruwa sun fi nuna farfaɗowa da farko. Binciken bai haɗa da masu gudawa ba, don haka bai soke ƙa'idar da aka kawo a sama ba, amma ya isa hujja cewa ruwa magani ne mai ƙa'ida da iyaka. A wajenmu inda zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara a damina, yaro mai farin tafin hannu da haki sau da yawa jini yake buƙata, ruwa kuwa sai ya ƙara tsinka ɗan abin da ya rage.

A cikin mutum ukun nan, wadda ruwa zai fi saurin hallakawa ita ce mai jego. Kumburin ƙafa, tari da kasa kwanciya rigingine a makonnin bayan haihuwa hoton gazawar zuciya ne, kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aka fi samun wannan ciwo a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka kuma danganta yawansa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Huhunta ya riga ya cika da ruwa, abin da take buƙata a rage shi ne. A sa mata kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya, domin hanyar magani, a toshe ta ba tare da an ɗaura leda ba, a tanadi allurar fitar da ruwa ta fitsari domin likita na ba da umarni a yi. Kafin ya zo, a auna jininta, domin hawan jinin ciki da jijjiga suna iya zuwa har mako shida bayan haihuwa, kuma 160 bisa 110 gaggawa ce ta daban. A duba cikin fatar idonta saboda ƙarancin jini, a auna zafin jikinta, a tambaya ko jinin biƙi na wari, a duba ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura da ciwo, domin gudan jini daga ƙafa yana iya tafiya huhu ya ba da irin wannan haki.

Game da manya gaba ɗaya, abin da na fi ganin ana wasa da shi shi ne ƙirga numfashi. Ki buɗe fayil ɗin marasa lafiya a ɗakin kwanciya, za ki ga an jera 20, 20, 20 tun daga safe har dare, alhali babu mai numfashi haka. Rubutawa aka yi ba ƙirgawa ba. Ga shi kuwa numfashi ne ke fara canzawa idan babba zai rikice, sau da yawa awanni kafin awon jini ya motsa. A Birtaniya, tsarin maki na NEWS da aka fitar a 2012 aka sabunta a 2017 yana haɗa abu shida, wato numfashi, yawan oksijin a jini, awon jini na sama, bugun zuciya, zafin jiki da hayyaci, kuma numfashi 25 ko fiye shi kaɗai yana cin maki mafi girma. Ko ba a amfani da takardar a asibitinku, tunanin da ke bayanta zai amfane ki: kada ki kalli lamba ɗaya, ki kalli yadda suka haɗu da kuma inda suka dosa. Tsofaffi kuma suna da nasu ɓoyon. Dattijon da ya fara ruɗewa yana sambatu a yau alhali jiya lafiya lau yake, ba tsufa ba ne sai an tabbatar, yana iya zama cutar huhu ko ta mafitsara ko da babu zazzaɓi. Mai ciwon suga yana iya samun toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba, sai gumi da amai da kasala. Mai shan wasu magungunan hawan jini irin su atenolol kuma zuciyarsa ba za ta yi gudu ba ko da yana zubar da jini.

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Na gode ƙwarai Mama, na gode malamaina, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Da yawa daga cikinmu idan mun gama, asibitocin karkara za a tura mu, inda babu na'urar awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa, babu ta awon suga, oksijin ɗin ma sai an yi sa'a, likita kuma babu shi gaba ɗaya. A irin wannan wuri, me ya rage daga cikin abin da kuka faɗa?

Sista a Karkara ta rubuta:

Ƙanwata, kusan duka ya rage, domin in kin duba abin da Mama Metiron ta lissafa babu wanda ke buƙatar na'ura. Agogo mai nuna daƙiƙa, fitila mai kyau, tef ɗin damtse da sikeli su ne ba za ki yi sakaci da su ba, ko da daga aljihunki za ki sayi na farkon biyu.

Inda babu na'urar yatsa, ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe, domin a baƙar fata leɓen waje ba ya nuna komai sai an makara. Yaron da ke nishi a kowane numfashi, ko kansa na gyaɗawa tare da numfashin, ko ya kasa kama nono saboda haki, ki ɗauka iska ta yi masa ƙaranci. Babban da ba ya iya ƙarasa jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja iska, shi ma haka. Ko inda na'urar take, a hannu mai sanyi ko yatsa mai baƙin lalle tana iya ba da lambar da ba ta dace da abin da ido ke gani ba, a nan marar lafiyar za ki gaskata. Inda babu awon suga, duk yaron da ya suma ko yake jijjiga ki ɗauka sukarinsa ya faɗi. Idan jijiya ta ƙi samuwa, ƙaramin cokali ɗaya na suga da aka ɗan jiƙa da ruwa a sa a ƙarƙashin harshe yana taimakawa, amma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe.

Abin da na'ura ba za ta ba ki ba, tambaya ce za ta ba ki, sai dai a iya yin ta. Idan kika ce yaya jiki, da sauƙi za a ce miki ko da mutum na gargara, domin haka tarbiyyarmu take. Ki tambayi abin da ake ƙirgawa: sau nawa ta yi gudawa daga asuba, yaushe ta yi fitsari na ƙarshe, yaushe ta kama nono na ƙarshe, ko duk abin da aka ba ta sai ta amayar, ko ta yi jijjiga a gida. Idan 'yar fari ce, uwar za ta iya yin shiru saboda kunya ta bar kaka ta yi bayani, alhali ita ce ta kwana da yarinyar. Ki saurari kakar da girmamawa, sannan ki ja uwar gefe. Ki tambayi abin da aka riga aka ba ta a kemis da na gargajiya, cikin muryar da ba ta zargi, domin idan suka ji ƙamshin faɗa za su ɓoye, ke kuwa kina buƙatar sanin ko an ba ta maganin tsayar da gudawa, ko maganin da ya rufe zazzaɓi, ko an kai ta wajen wanzami. Mai jego ma ba za ta faɗi maganar jini a gaban surukai maza ba, sai an ja labule. Ki sa safar hannu da takunkumi tun kafin ki san ciwon. Waɗanda suka yi aiki a Kano lokacin mashaƙo a 2023 sun san dalili.

A karkara babban hukuncinki shi ne wa za ki riƙe, wa za ki tura gaba, kuma da wuri ake yanke shi tun mota na samuwa. Yarinyar mai gudawa, in babu tamowa mai tsanani kuma kin sami jijiya, kina iya farfaɗo da ita a nan. Mai jego ba taki ba ce, a tafi da ita a zaune, kada a shimfiɗe ta a bayan mota. Mai karaya idan bugunsa ya tashi daga 104 zuwa 120 a awo na biyu, ko cikinsa ya fara tauri, ko ya daina ihun ya koma yin shiru yana gumi, ya tashi daga na uku ya koma na farko, kuma asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini yake buƙata. Saboda irin wannan ne ake maimaita awo duk bayan minti 15 ga wanda bai daidaita ba, a rubuta da lokacinsa.

Takardar turawa kuma a rubuta ta yadda wanda zai karɓa zai gane cikin minti ɗaya: abin da ke faruwa yanzu, tarihin da ya kawo shi, awon da kika samu na farko da na ƙarshe, abin da kika ba da da adadinsa da lokacinsa, sai abin da kike tsoro. Adadin ruwan da aka riga aka ƙara yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan ba a rubuta ba, asibitin gaba za su fara lissafi daga farko su ninka wa yaro abin da ya kamata ya samu. Idan kina da lambar wayar ɗakin gaggawarsu, ki kira kafin motar ta tashi, ki kuma faɗa wa 'yan'uwa su tafi da waɗanda za su iya ba da jini.